Injin da Muka Wanke Kafin Wuta Ta Zo

Jiya da hantsi na tarar da ku kun kewaye sabon injin nan da aka kawo, ɗaya riƙe da galan ɗin fetur, ɗaya da guntun ƙarfe yana shirin kankare tebur. Da na ce ku dakata, na ga kuna satar kallon juna. Na san abin da ke ranku: tsohon nan ya cika jan magana, ai maiƙo ne kawai, a goge a kunna. To, ku samu wuri ku zauna. Wanke sabon inji shi ne aikin da na ci abinci da shi mafi yawan rayuwata, kuma akwai yadda aka yi na iya shi.

Ni ban shiga kafinta ina yaro ba, da aurena na shiga. Manomi ne ni a wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Bici, inda gona take manne da gona, idan ka ƙara kunya ɗaya ka shiga ta maƙwabci. Da damina ta fara yi mana gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙi fitar da kai, sai na je wajen Malam Bukar kafinta na ce ya ɗauke ni ko da riƙon katako ne. Malam Bukar Babarbare ne, amma kakansa ne ya zo daga gabas. Shi a nan aka haife shi, a nan ya yi furfura. Rumfarsa tana bakin kasuwa, ƙarƙashin wata tsamiya. Ya kama hannuna ya juya, ya duba tafin, ya ce, "Habu, hannun da ya saba da fartanya ba zai ji tsoron zarto ba. Gobe ka zo da sassafe."

Ƙofar farko da na sa wa hannu ta wani mai sayar da gyaɗa ce, ta katakon maɗaci. Da dogon zarto muka tsaga shi, Malam a sama, ni a ƙasa, dusar katako tana zubo mini a ido. Daga nan sai gogewa da filen, magogin katako na hannu. Ka tura, ka dawo, ka ɗaga katakon ka kanne ido ɗaya ka duba, ka ga tudu a tsakiya, ka sake. Kafin fuska ɗaya ta yi santsi kafaɗarka ta mutu, ga wata fuskar tana jira. Duk ranar kasuwa mai gyaɗa sai ya leƙo ya ce, "Malam, ko dai in rataya tabarma in haƙura?" Malam ya ce, "Ƙofar da za ta binne ka nake yi maka, ka bar ni in yi." A lokacin kafaɗar Malam ta dama ta fara ba shi wahala. Idan ya yi tura mai yawa sai ya tsaya ya jingina da tsamiya, yana ba ni labarin wani inji da ya gani a birni, wanda ake cusa masa katako ta nan ya fito ta can kamar an lashe shi.

Ana nan sai aka fara kafa falwaya a bakin titi. Muna gani aka haƙa ramuka, aka tsayar da su, suka biyo hanya har suka shigo kasuwarmu. Ɗaya ta faɗo daidai gaban rumfar Malam. Daga baya aka ja waya. Kowa ya ce wuta ta zo, saura a kawo taransifoma. Malam yana da wata fadama da ya gada, ita ke riƙe gidansa da rani. Ya sayar da ita, ya tafi Kano, ya sayo inji biyu: na tsaga katako da na gogewa. Matarsa, Inna Yagana, ba ta hana shi ba. Abin da ta ce kawai, "Malam, fadama dai ba ta jiran kowa ya kawo mata komai."

Ranar kasuwa aka kawo su a babbar mota, cikin manyan akwatuna na katako. Sai da muka jera azara, muka ɗaura igiya, muka roƙi majiya ƙarfi kafin suka sauka. Da aka ɓalle akwatin farko aka yaye takarda, jama'a suka matso. Sun zaci za su ga abu mai walƙiya. Sai ga ƙarfe an lulluɓe shi da wani maiƙo mai kauri, ruwan ƙasa, kamar an tsoma shi a maɗi, ga wari mai hawa kai. Wani ya ce a bayana, "An cuci Malam, tsohon inji aka sayar masa."

Tare da injinan aka zo da makaniken da zai kafa su, Malam Tanko, wani gajeren mutum wanda babu kan yatsansa na tsakiya. Shi ya yi wa jama'a bayani. Ya ce injin nan a jirgin ruwa ya ƙetaro teku, iskar gishiri ta buge shi, ya zauna a tasha, ya zauna a kanti. Ba don maiƙon nan ba, da tsatsa ta cinye shi tun bai ga Kano ba. Ya zauna da mu har muka zuba siminti, ya ɗora su, ya ɗaure notuna. Da ya gama ya goge hannu ya ce, "Malam Bukar, na kafa. Amma maiƙon nan a bar shi sai ranar da kuka ga ƙwan lantarki ya kama a garin nan."

Malam ya nuna masa wayar da ke saman rumfa. Ya ce, "Ga ta nan. Cewa aka yi kafin Sallah."

"Waya na gani, ban ga wuta ba."

"In ta zo kana Kano fa? In zauna ina kallon inji, in aika a nemo ka?"

Malam Tanko ya dubi injinan. Can ya ce, "Maiƙon nan rigarsa ce. Ranar da ka tuɓe masa ita, kai ka ɗauki nauyin rufe shi kullum. In ka matsa, mu wanke ɗaya, in koya wa mutuminka, ɗayan a bar shi yadda yake."

Malam ya zaɓi na gogewa, saboda kafaɗarsa.

Aikin farko da Malam Tanko ya sa ni ba ya da alaƙa da inji. Cewa ya yi in samo guntun farin katako mai taushi, in fere bakinsa ya yi faɗi kamar na moɗa da aka baje. Da shi ake kankare maiƙo. Ƙarfe ba ya hawa teburin sabon inji, ko wuƙa, ko bakin sukudireba, ko samfefa. Teburin nan an daidaita shi ne a kamfani, ƙarzuwa ɗaya in ta shiga ta zauna ke nan, kuma a cikinta tsatsa take fara kwana. Muka yaye zanan gabas na rumfa, rana ta bugi injin har maiƙon ya saki jiki. Sannan na fara turawa, gefe ɗaya kawai, ina tattarawa ina yarfewa a fasasshen kasko. Ina sauri, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Ba noma kake ba. Babu hadarin da ke korar ka."

Bayan katako sai kananzir. Ba fetur ba. Fetur yana cin fenti, yana busar da roba, kuma a rumfar da ke cike da sassaƙe ƙyastu ɗaya ya isa. Ruwa da sabulu kuwa ko kusa, don kai da kanka ka kira tsatsa. Shi ma kananzir ɗin a tsumma ake zuba shi, ba a jikin inji ba. In ka kwarara, zai gangara cikin boris, inda ƙarfe ke juyawa, ya wanke giris ɗin da ke ciki, wanda shi ba na cirewa ba ne. Injin zai tashi lafiya, bayan ɗan lokaci ka ji yana kuka, ka rasa dalili. Tsummoki muka rasa, don tsumma ɗaya ba ya shafa biyu. Inna Yagana ta aiko da tsofaffin zannuwanta a ƙwarya, wankakku, a linke. Muka yayyaga su. Ka jiƙa, ka shimfiɗa a wuri, ka ba shi lokaci ya jiƙa maiƙon, ka ɗauke, ka bi da busasshe.

Wuƙaƙen injin su ne abin tsoro. Suna kwance a jikin wani gungumen ƙarfe mai juyawa, maiƙo ya rufe bakinsu, ba ka ganin kaifi. Malam Tanko ya ɗaga mini guntun yatsansa ya ce, "Wannan ba injin da ke gudu ne ya cire shi ba. A kashe yake, sabo fil, ina wanke shi." Ya koya mini kwance su ɗaya bayan ɗaya, a shimfiɗa a kan buhu, a goge daga baya zuwa baki, hannu ba ya bin tsawon kaifi. Ramin da suke zama ma sai an tsabtace shi tas, don in maiƙo ya saura a ciki wuƙa ba ta kamuwa da kyau, ranar da inji ya ɗauki gudu tana iya fita. Zaren notuna da haƙoran da ke ɗaga tebur, da asuwaki muka bi su. Na tauna bakinsa ya yi gashi, na tsoma a kananzir, na bi kowane lungu. Rololin da ke jan katako su ma haka. In ka bar musu danƙo, dusa za ta manne, su riƙa buga wa kowane katako tabo.

Yadda ake gane an gama, a samo farin ƙyalle a shafa tebur tun daga wannan baki har wancan. In ya fito da launi, da saura. Mun yi ta shafawa yana fitowa da launi, har na fara jin haushin ƙyallen. Da ya fito fari, sai Malam Tanko ya ce a kawo kakin zuma. Ba a shafa wa teburin injin katako baƙin mai, don katako yana sha, kuma inda ya sha fenti ba ya kamawa. Ka yi wa amarya kabad, bayan wata ɗaya fenti ya kumbura, sunanka ya ɓaci a garin. Kaki ake gogawa siriri, a murza da tsumma har ya ɓace. Da muka gama, ganyen tsamiya yana fitowa a cikin tebur kamar a ruwan randa. Malam Bukar ya wanke hannunsa, ya goge a rigarsa, sannan ya ɗora guntun katako ya tura da yatsa ɗaya. Katakon ya sulale ya faɗa ƙasa ta wancan gefe. Na daɗe ban ga ya yi dariya irin ta ranar ba.

Sallah ta zo ta wuce. Taransifoma ba ta zo ba. Masu aikin wutar suka kwashe tantinsu suka ce za su dawo. Sai ga shekarun nan da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, lokacin da ake bin layi a kan sabulu da gishiri, kuma ruwan sama bai gyaru ba. Wata rana muka wayi gari babu waya a kan falwaya daga bakin kasuwa har mararraba. Falwayoyin kawai aka bar mana, shaho yana hutawa a kai.

Daga nan na san abin da Malam Tanko yake nufi. Kowace safiya kafin in taɓa zarto sai na yaye buhunan da muka rufe injin, na goge tebur, na juya gungumen wuƙaƙe da hannu don kada ya ƙage. Da rani abin da sauƙi. Da damina, ko da ruwan ba ya isar gona, yana isar ƙarfe. Rumfar zana ce, danshi yana shiga ta ko'ina. Wanda ya dafa tebur da gumi a hannu, washegari sai ka ga tafinsa ya fito ja. Malam ya hana kowa matsowa, har ya kewaye wurin da igiya. Kananzir ya yi wuya, sai an je Ɗanbatta an yi layi, wani lokaci a dawo da kwalba a bushe. Ɗan abin da aka samu a gidan Malam raba shi ake yi, rabi fitila, rabi inji. Kakin zuma ya ɓace a kasuwa, don masu zuma sun ce ƙudan ya gudu. Muka koma narka guntayen kyandir. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ni, Malam kuma ya tafi ta'aziyya wajen Zakirai. Da muka dawo, ɗigon rufi ya sauka a kusurwar tebur, tsatsa ta ci wuri kamar faɗin tafin hannu. Na goge da toka mai laushi da kananzir har ja ya fita, amma 'yan ramukan sun zauna. Ɗayan injin kuwa yana gefe cikin maiƙonsa, ko kallonsa ba ma yi, babu abin da ya same shi.

Aiki ma ya canza. Babu mai zancen sabuwar ƙofa. Abin da ake kawo mana ƙafar gado da ta karye, ƙotar fartanya, amalanken da za a gyara a sayar. Wata tsohuwa ta kawo akwatin aurenta a ce a cire masa ƙusoshi a daidaita, za ta kai kasuwa. Malam ya gyara ya ƙi karɓar komai. Samari suka watse cirani. Waɗanda suka rage suna zama a inuwar tsamiya, kuma suka samo wa injin amfani: jakin da ya ƙi tashi, sai a ce injin Malam Bukar. Rago a gona, injin Malam Bukar. Yana ji. Bai taɓa tankawa ba. A shekarun ne yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya zama sai ya shafa layin fensir da yatsa yana neman inda na ja.

Wani Alhaji mai shagon katako a birni ya ji labari ya zo. Ya zagaya injin tsagawa, ya lakato maiƙon da yatsa, ya ce wannan kamar yau aka sauke shi, yana so. Ya zo kan na gogewa, ya ga kusurwar nan, ya taɓe baki ya ce wannan ya zama na hannu, sai dai a haɗa masa a matsayin gyara.

Malam ya ce, "Bai taɓa cin katako ko ɗaya ba, Alhaji."

"Na yarda, Baba. Amma mai saye ido yake kawowa."

Rumbun Malam babu komai a lokacin, ni ma gidana a wajensa muke ci. Ya sayar da na tsagawa, aka sayi hatsi. Na gogewa ya ce a bar masa. Da motar ta tafi, ya tsaya a kan simintin da aka cire injin yana taɓa guntayen notuna da ƙafa. Sannan ya ce in kawo masa ƙotar da muke ferewa.

Ƙofofin masallacin Juma'a su ne aikin da ba zan manta ba. Gara ta cinye su, jama'a suka haɗa abin da suka iya aka sayo katako, aka kawo wa Malam. Ya shafa katakon, ya san kafaɗarsa ba za ta iya ba, ni kaɗai kuma sai a kai wata damina ban gama ba. A garin akwai mai injin niƙa, Malam Idi, wanda injinsa ke shan gas, kuma yana zaune ne kawai don babu hatsin niƙa. Ni na kawo shawara, ko za a ɗauko injin nasa a ja namu da bel. Malam ya ce in je in tambayi Malam Tanko. Na hau mota na same shi a birni. Ya saurara, ya yi zane a ƙasa da tsinke, ya ce zai yiwu in an samu fuli, faifan ƙarfen da bel ke hawa, wanda ya dace, amma gudun ba zai kai na lantarki ba, sai a riƙa ci kaɗan-kaɗan. Ya biyo ni da fuli da bel a buhu. Liman ya yi magana a masallaci, aka samu gas galan guda.

Aka ɗauko injin niƙa a amalanke, muka kafa shi bayan rumfa, muka ɗaure da turaku. Malam Idi ya juya hannu, injinsa ya yi tari ya kama. Bel ya ɗauka. Sai gungumen nan da na yi shekaru ina juyawa da hannu ya fara gudu da kansa, da wata ƙara siririya da ban taɓa ji ba. Masu zaman tsamiya suka miƙe. Malam Tanko ya ce, "Malam Bukar, katakon farko naka ne." Na kama hannun Malam na ɗora a kan katakon, na tsaya a gefensa ina tare shi daga wuƙa. Ya tura. Sassaƙe ya tashi ya zubo mana a ka. Na zagaya na karɓi katakon na kawo masa. Ya bi shi da tafin hannu tun daga kai har gindi, ya juya, ya sake bi. Ya ce, "Habu, babu tudu."

Na ce, "Babu, Malam."

"Kawo na biyu."

Muka yi ta ci har la'asar. Malam ya ƙi zama, ya ƙi cin abinci. Kowane katako ya fito sai ya shafa shi. Saura kaɗan mu gama gas ya ƙare, injin Malam Idi ya yi tari ya tsaya, namu ya yi ta juyawa a hankali har ya yi shiru. Ragowar da hannu na goge su. Ƙofofin suna nan har yau, in kun je ku shafa, za ku gane waɗanda inji ya ci da waɗanda na ci. Daga ranar ba a ƙara kiran jaki da sunan injin ba. Amma kuma bai ƙara tashi ba a rayuwar Malam, don gas ya fi ƙarfin kowa.

Bayan girbin da bai zo da komai ba, Malam Tanko ya aiko cewa in zan zo birni yana da wurin mataimaki. Malam Bukar da kansa ya ce in tafi. Na ce injin fa, wa zai riƙa gogewa? Ya ce, "Mayar masa da rigarsa za mu yi." Muka kwance shi muka kai zauren gidansa. Na samo giris a wajen masu gyaran mota, muka narka shi da kyandir a tsohuwar tukunya. Na ɗauko tsumma zan fara, ya ce a'a, in ba shi. Ya naɗe hannun riga, ya riƙa ɗiba da yatsu yana shafawa, yana lalubawa, tun daga tebur har ƙafafu. Wuƙaƙe kawai ya bar mini. Mai motar da za ta kai ni birni yana ta kira a bakin titi, Malam ya ce in tafi kada a bar ni, shi zai ƙarasa. Na bar shi a durƙushe a gindin injin.

A birni na zama abin da kuka sani. Duk shagon da ya sayi sabon inji, ni ake turawa in wanke in kafa. Na wanke na tsagawa, na gogewa, na huda, manya da ƙanana, ban san adadinsu ba. Kuma duk inda na je, kafin in jiƙa tsumma sai na ce a kunna mini ƙwai in gani. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. Ina can aka aiko mini Malam ya rasu. Na zo na yi ta'aziyya na koma.

Wuta ba ta shiga garinmu ba sai da 'yata da na bari tana rarrafe ta isa aure. Inna Yagana ce ta sa aka kira ni. Ta tsufa ƙwarai, tana dogara sanda. Ta ce jikanta ya koyi kafinta, ga wuta ta zo, in zo in tayar masa da injin kakansa. Masu saye sun yi ta zuwa a shekarun nan, har da masu sayen ƙarfe a kilo, ta ce ba na sayarwa ba ne.

Na shiga zauren da kwalbar kananzir da guntun farin katako. Na yaye tabarmi da buhuna. Giris ɗin ya bushe ya yi baƙi, ya yi tauri. Da haske ya faɗa a kai sai na ga sawun yatsu. Layi-layi, huɗu a jere, sun tafi sun dawo, sun zagaya kusurwar nan mai ramuka sun sake zagayawa. A bakin tebur akwai inda ya dafa da tafinsa duka don ya miƙe. Na tsaya riƙe da katakon ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Inna tana zaune a bakin ƙofa. Ta ce, "Na ga ka tsaya, Habu."

Na ce, "Hannun Malam ne a jiki, Inna."

Ta ce, "Na sani. Ka goge. Don a yi aiki da shi ya saya."

Na sa aka jawo shi inda rana take, na jira ya saki. Na fara daga inda ya gama, na bi sawun da baya har inda ya fara. Na kankare, na jiƙa, na goge, na bi lungu da asuwaki. Na leƙa ƙarƙashin tebur, na duba bayan rololi, na duba zaren kowane noti. Da na shafa farin ƙyalle ya fito fari, Inna ta ce, "Ya ka gani? Tsatsa ta shiga?"

Na ce, "Ko ɗigo babu. Bai tsallake wuri ko ɗaya ba."

Ta jingina sandarta da bango. Can ta ce, "To, alhamdu lillahi. Har ya kwanta ciwo yana tambayata ko ya bar wani wuri, ni kuwa ban san inda zan duba ba."